Kobon Garwa

Kibiya, 9 ga Rajab, 1350

Zuwa ga Yayana Malam Dalhatu, a Zangon Kumasi.

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, Ya sa albarka a fataucin goron da ya hana mu ganin fuskarka shekara huɗu. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an cire gyaɗa, dawa ma ta kusa shiga rumbu. Matata Hasana ta sauka lafiya, an sami mace, muna kiranta Baraka. Inna kuwa ƙafarta ta yi sauƙi, amma ranta a ɓace yake, kuma ni ne sanadi. Shi ya sa na kasa jiran ayarin rani, na haɗa wani mai tafiya da wannan takarda.

Yaya, ka bar garin nan ba a san mota ba. Yanzu lori uku ke kwasar gyaɗa daga Kibiya, su bi ta Rano su wuce Kano, alhali hanyar tana nan yadda ka san ta, ta jakuna. Bara waccan muka zauna, masu motoci da mu masu sayen gyaɗa, muka yarda a ƙara kobo ɗaya a kan kowace garwar man mota, a riƙa biyan masu zuba marmara da gyaran kadarkon rafi. Da yake Kawu Isiyaku ne ke sayar da man a rumfarsa ta Rano, shi aka damƙa wa amanar. Ba wanda ya nemi shaida. Wa zai nemi shaida a kan Kawu?

Ƙarshen daminar nan kadarkon ya karye da motar Shitu direba. Allah Ya tsare ransa, amma cinyarsa ta karye, har yau yana hannun mai ɗori, buhunan gyaɗa kuma suka bi ruwa. Da muka je jawo motar na shiga ƙarƙashin kadarkon na duba. Wallahi Yaya, babu sabuwar azara ko ɗaya, duk gara ta cinye su. Mutanen ƙauyen Zurgu da suka zo taya mu suka ce damina biyu ana raba su da gonakinsu suna zuba ƙasa a hanya, ko anini ba a taɓa ba su ba. Sun ɗauka aikin tilas ne irin wanda aka saba.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya, in shiga gida in fito. Na fara samun Kawu a zaurensa, mu biyu kawai, ya ce in je in ji da gyaɗata. Ran kasuwar Rano aka taru a kan maganar, kowa na gunaguni ƙasa-ƙasa, ba mai iya ɗaga ido ya dube shi. Na tuna Shitu a kwance, sai na ji na miƙe. Na roƙi Kawu, don Allah, ya faɗa wa jama'a inda kobon ya shiga. Sai ya ce duk wata yakan juye kuɗin a hannun wani baƙon helma mai tara leburori, ba shaida, kuma tun ranar da kadarko ya faɗi mutumin ya ɓace. Ya ce bai ci ko kobo ba, amma bai taɓa zuwa ya duba aikin da idonsa ba. Na yarda da shi, Yaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, don mu ma shekara biyu muna bi ta kan kadarkon ba wanda ya leƙa.

An tsayar da cewa daga yanzu garewanin da aka juye za a jera su a bakin rumfa, ran kasuwa a ƙirga a gaban kowa, a biya masu aiki hannu da hannu a wurin. An kuma karɓe riƙon daga Kawu aka ba mutum biyu. Ya ce zai sayar da gonarsa ta fadama ya biya mutanen Zurgu, dattawa suka hana. Inna ta ce na kwance wa ƙaninta zani a kasuwa, ko tuwon gidana aka kai mata sai ya dawo a rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun ranar Kawu ke fita da sassafe da kwando, yana ɗaukar marmara a ka tare da leburori, da furfurarsa da ciwon bayansa. An yi magiya ya ƙi. Ni ma na ɗauki kwando na bi shi. Kwana uku ina gaishe shi ba ya amsawa. Jiya ya cika kwandonsa ya kasa ɗagawa, ya waiga, ba kowa kusa sai ni. Na kama na ɗora masa. Bai dube ni ba, ya dai ce in gyara masa gammo, ya karkace. Maganar da ya yi mini ke nan cikin wata guda, kuma na wuni ina jujjuya ta.

Ban sani ba ko na yi daidai. In aka mayar da ni ranar, ina jin zan sake miƙewa, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Don Allah ka rubuto wa Kawu, yana jin maganarka, ka ce ya ajiye kwandon nan kafin ya kwantar da shi. Ka sa wa Inna kalma biyu a ciki.

Ka gaida Yaya Kulu da su Mika'ilu da Tani. Hasana tana gaisuwa, Shitu ma ya ce a sa shi a addu'a. Allah Ya sada mu da alheri. Zan tsaya nan, kafaɗuna sun yi tsami, gobe kuma Kawu zai riga ni zuwa rafi.

Ƙaninka,
Gwadabe