Rasuwar Injiniya Munawwara, Wadda Ta Koya wa Na'urori Lugude

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Renon Yara Masu Sikila ta Karaye da Rogo ta samu labarin rasuwar 'yarmu kuma malamarmu, Injiniya Dakta Munawwara Zulkifilu Kurugu, wadda Allah Ya karɓi rayuwarta ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ce ta kawo mana ƙananan na'urorin nan, kowace ba ta wuce ƙwayar gurjiya ba, waɗanda ake manna wa yaro a ƙirji da hammata, suna auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi, suna aika wa ma'aikatan asibitin Karaye ta iska. Na farkon da aka gwada, batirinsu ba ya kai mako, domin duk tare suke magana, saƙo na karo da saƙo, sai an yi ta maimaitawa. Ita ce ta tsara musu bi da bi. Da za ta fahimtar da mu, mu da muka koyi karatu da girmanmu, sai ta kai mu bakin turmi, inda mata uku ke lugude, taɓarya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Haka kowace na'ura ke farkawa ta faɗi nata, ta koma barci, sai wadda ta ji haɗari, ita ake ba hanya. Batir ya koma kai mu daga damina zuwa damina.

Tun daga lokacin uwa kan tafi gona hankalinta kwance. Wani sa'in mukan tsaya cikin dawa mu ɗaga kai, muna jin kamar bugun zuciyar 'ya'yanmu ne ke wucewa ta samanmu a jere, a hankali, yana nufar Karaye.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Malam Nasiru Gwadabe, da mahaifiyarta, Hajiya Sadiƙa, da ɗaukacin al'ummar Kurugu. Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ba su haƙurin rashinta.

Ga abokan aikinta da ɗalibanta na jami'a, ga halin da yaran da ke ɗauke da na'urorinta ke ciki. Ilu na Kafin Dafga ya koma makaranta. Rahmatu lafiya lau. Bahijja ta Jajaye tana kwance da ciwon ƙashi. Fiddausi, 'yata, na'urar ƙirjinta ta fara nuna jar wuta, alamar batir ya kusa ƙarewa, ga sanyin damina na tafe, lokacin da ciwon ya fi tashi. Ba mu san wanda zai canja batiran na'urorin ba, kuma marigayiyar ta hana mu buɗe su da kanmu.

Mun san kuna cikin makoki, ku yafe mana gaggawa. Don Allah, wanda zai karɓi aikin nan ya sanar da mu kafin ranar sadakar bakwai.

Sa hannu:
Hajo Abdullahi Jajaye
Mai Magana da Yawun Ƙungiya