Karramawar Tanko Masinja

Doka, Kaduna,
9 ga Fabrairu, 1975.

Zuwa ga Yayana Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Saratu da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan sai godiyar Allah. Maigidana Adamu yana gaishe ka, Inna kuma ta ce man shafawar da ka aiko wa Baba ya iso.

Jikin Baba da sauƙi. Yana dogara sanda ya fita masallacin ƙofar gida. Ƙafar hagun dai har yanzu janta yake yi, magana kuwa sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Hawan jinin ne bai sauka yadda nake so ba.

Yaya, wani abu ne ya ɓata mini rai na ce sai na rubuto maka. Ranar Juma'a da na tashi daga aiki a asibiti na biya gidanmu na Kawo, sai na tarar da babura uku a ƙofar gida. Ashe Balarabe ne da mutanensa. Ka tuna shi, wanda yake riƙe wa Baba kayan wasa a da, yanzu shi ne shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Madubi. Shekara ashirin Baba ya yi yana ɗawainiya da ƙungiyar nan, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye, shekara biyu ke nan, sau ɗaya suka leƙo shi a asibiti. Sai ga su yanzu da ƙullin goro.

Wai makarantar da suke aron ajinta don gwaji ta ce su nemi wani wuri. Sun sami fili a Unguwar Sarki, suna son gina ɗakin wasa na kansu. Don haka za su yi taron gidauniya a watan Afrilu, a gayyaci manya, a karrama tsofaffin 'yan wasa uku, Baba ne na farko. Har nan ban ga laifi ba. Sai Balarabe ya ƙara da cewa suna son Baba ya hau dandamali ya yi wasansa na Tanko Masinja, ko na minti biyar ne.

Na ce masa mutumin da bai iya kiran sunana sosai, ta yaya zai yi Tanko, wanda duk wasansa saurin baki ne? Ka san amsar da ya ba ni? Ya ce, “Ƙanwata, ai sunan Baba ne zai cika mana ɗaki.” A gaban Baba ya faɗa, ko kunya bai ji ba. Na juya in ga ko Baba ya ji haushi, sai na ga fuskarsa ta yi haske irin wanda rabona da gani tun kafin ciwon.

Don Allah ka rubuto masa ka hana shi. Yana jin maganarka fiye da tawa. A gaida kowa da kowa.

Ni ce ƙanwarka,
Hasiya.

Doka, Kaduna,
16 ga Maris, 1975.

Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Yaya jikin ƙaramin yaronku, tarin ya tafi? Allah ya ƙara sauƙi.

Na sami amsarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban ji daɗinta ba. Ka ce in ƙyale tsoho ya yi abin da ransa yake so. Daga Jos faɗin haka da sauƙi. Ni ce nake auna jininsa duk yamma, ni zan tsaya a gaban likita in wani abu ya faru.

Baba ya sa Inna ta tono tsohon kakinsa na wasa da jar hular daga ƙasan akwati. Wandon ya yi masa yawa, sai da aka rage. Kullum bayan la'asar yana tsakar gida da wani tsohon fayil a hammata, yana gwaji shi kaɗai. Ka tuna wurin da Tanko yake shiga ofis ya ce, “Ranka ya daɗe,” sannan ya zubo sunayen ofisoshi goma sha biyu da ya kai takardar bisa kuskure, numfashi ɗaya? Yaya, “Ranka ya daɗe” ɗin ma ba ta fita. Sai ya tsaya a “ra, ra,” jijiyar wuyansa ta tashi, miyau ya zubo, ya goge ya sake. Inna takan shige ɗaki ta saki labule don kada ta gani.

Katin gayyata ya fito. Sunan Alhaji Sabo ɗan kwangila, babban mai ƙaddamarwa, ya cinye rabin katin. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka jera waɗanda za a karrama. Ko sunan Baba na gaskiya ba su sa ba, Tanko Masinja kawai suka rubuta. Na tare Balarabe da maganar, ya ce ai da shi aka san shi. Kati biyu suka ba gidanmu duka.

Ranar Talata na yi abin da nake nadama. Na zauna gaban Baba na ce masa mutanen nan ba don Allah suke yi ba, kuma in ya hau dandamali a haka dariya za a yi masa, ba ta wasa ba, ta ciwonsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo mini hannu in auna jinin. Kwana uku in na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba. Amma wa zai faɗa masa in ban faɗa ba?

Ka ce ba za ka sami hutu ba. To, shi ke nan. Inna ma ta ce ba ta zuwa, tunda ba ta taɓa kallon wasansa ba lokacin da yake da lafiya. Ni da Adamu za mu kai shi.

Taka,
Hasiya.

Doka, Kaduna,
7 ga Afrilu, 1975.

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina sanar da kai an yi taron shekaranjiya Asabar. Kwantar da hankalinka, Baba yana nan lafiya, gajiya ce kawai ta kwantar da shi. Bari in ba ka labari tun daga farko.

Sun ce za su turo mota ƙarfe ɗaya. Baba ya shirya tun hantsi ya zauna a zaure. Har ɗaya da rabi shiru, sai Adamu ya je tasha ya ɗauko tasi. Da muka isa ɗakin taron, kujerun kushin na gaba duk an rubuta sunayen manya a jikinsu. Waɗanda za a karrama kuwa benci aka ajiye musu a gefe, dab da lasifika, inda fanka ba ta kaiwa. Ka san zafin Kaduna a wannan wata. Baba ya zauna tare da Malam Isa makaɗin ƙungiyar na da, da Gwaggo Kaltume wadda take fitowa a uwa.

An ce ƙarfe biyu za a fara. Alhaji Sabo bai iso ba sai bayan la'asar. Da ya zo aka shiga jawabai, na ƙirga bakwai. Kowa ya tashi sai ya ce wasan kwaikwayo madubin al'umma ne, ya yabi Alhaji, ya zauna. Ana ta wucewa da lemo da soyayyen nama zuwa layin gaba, benci kuwa ko ruwa babu, sai da na fita na roƙo a gidan maigadi. Wajen karramawar, Alhaji aka fara ba wani ƙaton kofi mai ƙyalli, mai hoto ya ɗauka sau uku. Su Baba takardar yabo aka miƙa musu a tsaye a ƙasa, mai gabatarwa yana duban agogo. Gwaggo Kaltume ta naɗe tata ta shiga fifita da ita.

Can sai Balarabe ya sunkuyo ya raɗa mini cewa lokaci ya ƙure, Alhaji yana son tafiya kafin magariba, a bar wasan Baba kawai. Wallahi Yaya daɗi na ji. Na juya in lallashi Baba mu tafi, sai na ga wurinsa babu kowa. Ashe ya ji. Ya riga ya tuɓe babbar rigar, ga kaki a ciki tun daga gida, ya kafa jar hula, ya nufi matakalar dandamali. Sandarsa ma a benci ya bar ta. Adamu ya ruga ya tallafe shi ya hau. Dole Balarabe ya bi shi ya zauna a teburin wasa a matsayin mai ofis.

Baba ya jawo ƙafa zuwa tsakiya, ya buɗe baki, ya tsaya a “ra, ra.” Wasu samari a baya suka fashe da dariya, layin gaba ma na ga ana rufe baki da hannun riga. Abin da na ji tsoro ke nan. Idona ya rufe, na miƙe zan hau in sauko da shi, ko me za a ce a ce. Adamu ya tare ni ya ce, “Tsaya. Dubi ƙafar da yake ja.”

Na duba. Yaya, ƙafar dama yake ja. Lafiyayyar! Ya dogara a kan ta hagun yana jan ta daman kamar buhun gero, ya zagaya teburin, ya saki fayil ɗin takardu suka watse. Balarabe da ya tsorata da farko sai ya gane, ya kara hannu a kunne ya ce, “Me ka ce, Tanko?” Baba ya sake “ra, ra,” sannan ya juyo ga jama'a ya nuna kunnen Balarabe ya girgiza kai, wai maigidan ne kurma. Ɗakin ya kaure da dariya. Ofisoshi goma sha biyun nan bai faɗi ko ɗaya da baki ba, da yatsa ya nuna su, gabas, yamma, sama, har ƙarƙashin tebur. Tsofaffin akawuna da masinjoji da ke tsaye a baya suka shiga kiran “Tanko! Tanko!” suka yo gaba suna zuba abin da ke aljihunsu a tiren gidauniya, har mai sanarwa ya daina kiran sunayen masu bayarwa. Alhaji ma da ya miƙe zai fita, komawa ya yi ya zauna.

Ni dai ban yi dariya ba. Ina tsaye ina kallon hagun nan tana rawa, ina jiran ya faɗi.

A cikin tasi rigarsa sharkaf da gumi. Na ce, “Baba, ka ji dariyar da suka yi maka da farko?” Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, “Na ji. Da na ga za su yi, ko na so ko ban so ba, sai na zaɓa musu inda za su yi ta.”

Amma har yau ina jin haushin bencin nan. Jiya da yau Baba yana kwance, kuma babu ko mutum ɗaya daga ƙungiyar da ya zo duba shi. Ka gaida Yaya Saratu.

Ƙanwarka,
Hasiya.

Doka, Kaduna,
18 ga Mayu, 1975.

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata damina ta sauka muku lafiya. Mu nan an yi ruwa sau biyu.

Ka tambayi labarin ginin. An haƙa harsashi an tsaya, ciyawa ta fara rufe shi. Balarabe sai da ya yi mako biyu sannan ya zo gaida Baba, kuma da kukansa ya zo, wai makaranta ta kulle ajin, ba su da wurin gwaji. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da ke cikina, Baba ya buga sanda a ƙasa ya nuna tsakar gida.

To, yanzu duk Alhamis da yamma gidanmu na Kawo ya zama ɗakin wasa. Mutum goma sha wani abu suna ihu, kajin Inna sun rasa wurin kiwo. Inna tana ta mita, amma ran nan na kama ta tana leƙe ta gefen labule tana toshe baki. Baba yana kan kujera, wanda ya yi kuskure a buga masa sanda, Balarabe ya fi kowa shan bugu. Ba na gaishe shi da sakin fuska, kuma ba ni da niyyar farawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, jinin Baba ya sauka. Na auna na sake aunawa, har na ɗauko wani ma'aunin daga asibiti. Likita ya tambaye ni wane magani muka canja, na ce babu.

Sannan ga wani sabon aiki. Wai Baba yana da wasa a kansa tun yana kwance, hannunsa ba ya rubutu, kuma duk cikinsu babu mai gane maganarsa sosai sai ni. Na ce ina da aiki, ina da gida, ina da miji. Adamu, maimakon ya goyi bayana, shi ya sayo littafin rubutun. Yanzu in na tashi daga asibiti sai in zauna gefen tabarmarsa, yana faɗa kalma ɗaya-ɗaya ina rubutawa. Wani layin sai mu yi minti goma a kansa, in na cika masa da tawa kalmar ya ce in goge.

Mun kai shafi na goma sha ɗaya. Jiya wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo cikin labarin, mafaɗaciya, kowa tsoronta yake ji, ta hana wani tsoho cin gishiri, ta hana shi fita, ta hana shi tari da ƙarfi. Na ajiye biro na ce, “Baba, wa kake nufi?” Ya yi kamar bai ji ba, ya ce in rubuta cewa ita ce take ɗauke shi in ya faɗi.

Na rubuta. Ka zo hutun Sallah don Allah, yana yawan tambayarka. Inna tana gaishe ku, Adamu ma haka.

Wassalam, ni ce ƙanwarka,
Hasiya.