Filashin Matan Gwantu

Kafanchan, 4 ga Maris

Ɗana Yafet,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Legas? Ina fata Catherine da jariri suna lafiya. Mu nan sai godiya, gwiwata ce kawai ke tuna mini shekaruna.

Na'urar da ka haɗa wa wayar shago ta fara aiki, kuma kaina ya yi girma. Kafin waya ta gama ƙara ɗaya ta ɗauka, ta gaida mutum da Hausa da Turanci, ta faɗi farashin 'yan tsaki da abincin kaji. Ran Lahadi bayan sujada sai da na sa matar Fasto ta kira ta ji da kunnenta. Na gaya wa kowa aikin ɗana ne, har wanda bai tambaya ba.

Zancen Zipora kuwa, na bi shawararka. Na faɗa mata ƙarshen wata za ta ajiye aiki. Shekara shida tana riƙe da wayar nan tun rasuwar mijinta, ba ta taɓa saɓa mini ba. Ta ci gaba da sharar shago. Abin ya tsaya mini a rai, amma ka ce haka zamani ya zo.

Mahaifiyarka,
Afiniki

Kafanchan, 27 ga Maris

Ɗana Yafet,

Ina gaishe ku duka da fatan alheri. Na ji jariri ya fara haƙori, Allah ya raya mana shi.

Ka zauna da kyau, yau labarin da tsawo. Manyan masu gonar kaji na cikin gari suna yaba na'urarka. Amma matan ƙauye, na Gwantu da Samaru Kataf, waɗanda suka ɗaga shagon nan tun yana tebur ɗaya, sai na ji su shiru. Har na fara zargin wani ne ya janye mini su.

Ran Asabar na je taron Zumuntar Mata a Gwantu. Mama Dinah, wadda ta fi shekara goma tana sayen 'yan tsaki a wurina, ta tare ni a bakin coci ta wanke ni tas. Kajinta ashirin sun mutu da zawo cikin kwana uku. Ta neme mu, ba mu neme ta ba.

Ashe matan nan ba kira suke yi ba, Yafet, filashin suke yi. Katin wayarsu ba ya isa magana, sai su bari ta yi ƙara ɗaya su kashe, Zipora ta bi su da kira. Har tsari ta yi musu: filashin ɗaya, ana son kaya, biyu a jere, kaji ba lafiya, a kira yanzu. Na'urarka kuwa ba ta san kawaici ba. Tana ɗauka nan take, ta hau gaisuwa, ta cinye ɗan katin da ke ciki. Mama Dinah ta gwada sau biyu, na uku babu abin gwadawa.

Ni mai shago, tsohuwar malamar makaranta, ban san da wannan tsarin ba. Na ji kunya ƙwarai. Da na dawo na tambayi Zipora dalilin da ya sa ba ta faɗa mini ba, sai ta ce ba ta so a ga kamar kushe aikin ɗana take don ta tsira da nata. Kuma duk makonnin nan da wayarta take bin waɗanda ta haddace lambarsu. Ta Mama Dinah ce ta kuɓuce mata, har Zipora ta yi kuka da ta ji labarin kajin.

Zan yi addu'a a kai, in sake rubuto maka.

Mahaifiyarka,
Afiniki

Kafanchan, 2 ga Afrilu

Ɗana Yafet,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da gidanka. Muna lafiya, ruwan farko ya sauka jiya.

Na yanke shawara, kuma ba neman izini nake ba. Zipora ba za ta tafi ba. Tsohuwar lamba ta koma hannunta. Na'urarka na sa an mai da ita kan sabon layi don mutanen gari masu kati, ta yi ta Turancinta da su. Mama Dinah na aika mata 'yan tsaki ashirin da magani, Zipora ce ta kai da kanta. Shekaranjiya kaɗai filashin goma sha ɗaya suka shigo, ta bi su duka kafin azahar. Ina zaune ina kallonta tana tambayar lafiyar kaji da ta jikoki, na ce a raina ko a Legas ba su da irinta.

Kada ranka ya ɓaci. Ina alfahari da kai kamar kullum, aikinka ba shi da laifi, mutanenmu ne bai sani ba. Kai kuwa ya kamata ka san su. Shekara huɗu kana jami'a a Zariya, sau nawa ka kira ni da katinka? Ƙara ɗaya kake yi ka kashe, ko ina tsakiyar aji sai na fito na kira ka.

Har yanzu lambata ba ta canza ba.

Ka gaida Catherine, ka sumbaci jikana.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Afiniki