Shaidar da Sani ke nema a wurina

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ka yi haƙuri da na dame ka. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Rabi da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi.

Kansilanmu na Gayam ya rasu, Allah ya jiƙansa. An ce naɗi za a yi ba zaɓe ba, kuma dattawa sun miƙa sunan ƙaninmu Sani. Karatunsa da shekarunsa sun kai, amma dole mutum ya kasance mazaunin mazaɓar. Ka san tun da mutanen daji suka tashe mu, a cikin gari yake kwana, gona kawai ke kai shi Gayam.

Jiya ya durƙusa gabana ya ce, "Yaya Asabe, dattawan nan ba sa musa maganarki. Ki shaida can nake zaune." Na ce, "Sani, Alƙur'ani fa zan dafa." Ya tashi bai taɓa tuwonsa ba.

In na ƙi, za a ba wanda ko hanyar ƙauyenmu bai sani ba. In na yarda, me zan ce wa Allah?

Ka tambayar min malaminka, ka sa mu a addu'a. A gaida kowa. Don Allah ka amsa da wuri, kafin su kira ni.

Ƙanwarka,
Asabe