Shaida ta Biyu

Nagasaki, 6 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga aminiyata Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da 'yarmu Harue. Yaya Osaka? Mu nan sai godiya, in kin cire Masaichi. Mijin nan nawa ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, dasashinsa na zubar jini, amma kullum sai ya ce gajiyar aiki ce. Likita ya ce ciwon bam ɗin nukiliyar nan ne ya cim masa bayan shekara goma sha bakwai.

Akwai ɗan littafin da hukuma ke ba waɗanda bam ya rutsa da su, da shi ake yi wa mutum magani kyauta. Sai dai wai sai an kawo shaidu biyu, ba dangi ba, waɗanda suka gan shi cikin gari a ranar. Ki ji fa! Waɗanda suka gan shi ai yawancinsu sun zama toka tun ranar. Na sha yawo kafin na gano tsoho Genzo mai aski, ya buga hatiminsa. Saura ke. Ga takardar nan a ciki, ki buga naki ki maido da sauri.

Taki har kullum,
Shizue

2 ga Mayu

Kinuyo,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso: busasshen kifi, ganyen shayi, da takardata yadda na aika ta. Kifin zan kai ofis ya yi shaida?

Na karanta uzurinki sau uku, ko zan huce, ban huce ba. Kin ce dangin saurayin Harue sun san kina ƙauye aka yi abin, in suka ji kina Urakami, unguwar da bam ya faɗa, za su fasa, don ana cewa jikokin masu bam ba sa zuwa lafiya. Na san ana faɗin haka. Amma ni ce nake ƙauye, Kinuyo! Labarina kika ara, har da sunan ƙauyenmu, ko sallama babu.

Wa ya goya ki daga Urakami har bakin rafi, fatar bayansa a saɓule, in ba Masaichi ba? Da bakinki kika ba ni labarin, kina kuka, kina cewa ba ki da abin biyansa. To ga abin biya ya zo, ɗan jan tawada ne kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na sake sako takardar.

Shizue

19 ga Yuni

Aminiyata Kinuyo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa kan zafin bakina. Takarda ta iso da hatiminki, ya ɗan karkace. Na yi kuka, na gode.

To yanzu kuma ji wani sabon ciwon kai. Da murnata na kai wa Masaichi, ya karanta, ya tambayi yaushe ne bikin Harue. Na ce Nuwamba. Sai ya ninke takardar ya tura cikin rigarsa. Wai dangin ango kan turo mai bincike ya bi unguwa yana tambaya, kuma Genzo bakinsa ba ya rufuwa, da zarar littafi ya fito duk wanda ya zo aski sai ya ji sunan shaida ta biyu. Wai ba za a kai ta ofis ba sai an ɗaura aure. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira shi mai taurin kai, ya juya fuska bango ya ce shi dai barci yake ji. Da ita yake kwana, da ita yake shiga bayi. Ke kin gaji da ƙi, shi ya karɓa. Ku biyun nan kun ishe ni!

Jiya na tare likita a ƙofa na tambaye shi ko za a iya jira har Nuwamba. Sai ya tsaya yana ta gyaran igiyar takalminsa.

Don haka ba hatimi nake roƙo yanzu ba. Ki matso da bikin nan. Ki ce musu an duba, Nuwamba ba ta da sa'a, ki ce kakar Harue ce ke son gani da idonta, ki ce duk abin da ya zo bakinki, ai kin iya. Ki sa shi a Yuli. Ki gaida amarya, kada kuma ta ji ko kalma ɗaya daga cikin wannan.

Taki,
Shizue