Ɗiyata Ce Ta Kai Ƙyanda Aji, Ɗan Atika Aka Kora

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaishe ku, amma tun kafin mu yi nisa, wanda ya san wa'azi ya tanadar mini ya riƙe abinsa. A gidan malamai na tashi, na san hisabi, na san wuta, ba sai wani ya tuna mini ba. Shawara na zo nema, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su, don garinmu ƙarami ne, in ka yi atishawa a bakin kasuwa sai an yi maka addu'a a ƙetaren gulbi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗakin shan magani a ƙasar Gummi. Ni ce mai bin gida-gida ina roƙon mata su kawo 'ya'yansu allurar rigakafi, ana rufe mini ƙofa, ana ce mini wai na zo kashe musu haihuwa. Duk na shanye. Ina da ɗiya ɗaya tilo, Hafsi, shekararta huɗu, tana makarantar nazare ta wata Hajiya a unguwarmu. Aji biyu ne kacal a cikin gidan Hajiyar, kuma ɗiyarta ta cikinta, Anti Rabi, ita ke koyar da su Hafsi, da jaririnta goye a baya. To ƙarshen zangon da ya wuce aka shirya walima, aka zaɓi Hafsi ta karanta hadisi a gaban iyaye. Ni kuwa babu wanda ban gaya wa ba, har ɗinki na yi saboda ranar.

Ana cikin gwajin karatun Hafsi ta fara zazzaɓi da tari, ido ya yi ja. Na ce sauro ne, na ba ta farasitamol. Ran da na zo yi mata kitso na ɗaga kunnenta, sai ga ƙuraje ƙanana birjik a bayan kunne sun gangaro wuya. Ni da nake ganin ƙyanda kullum a wurin aiki, ai ba sai an gaya mini ba. Na yi mata allura tun tana jaririya, shi ya sa abin ya zo mata da sauƙi, tana ci tana wasa, amma ƙyanda dai ƙyanda ce. Inna, mahaifiyata, tana zaune tare da mu. Ta leƙa wuyan yarinyar ta ce, "Wanga baƙon dauro na. Ba a kiran sunanai, ba a hwaɗa ma kowa. Ki aje ta ɗaka har shi gama kwananai shi tahi." Kun ji al'adar, abu biyu ce, a yi shiru, a kuma kulle yaro a ɗaki. Ni da nake yi wa al'adun su Inna dariya, sai na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi na yar da ɗayan. Na yi shiru, amma ban kulle ta ba.

Za ku ce me ya kai ni? To ku saurara kafin ku buɗe baki. In aka ji ɗiyar mai allura ta yi ƙyanda, wace mace ce za ta sake miƙo mini hannun ɗanta a garin nan? Cewa za su yi, ga ta nan, allurar tata ko ɗiyarta ba ta tsare ba. Wannan hujjar na ba kaina, kuma gaskiya ce. Amma tunda na ce zan faɗi komai, akwai wata a ƙarƙashinta. Anti Rabi ta ce duk yaron da ya daina zuwa gwaji za a ba wani karatunsa. Ni kuwa a ce an ba ɗiyar wata hadisin Hafsi? Wallahi zuciyata ta ƙi.

Sai na tafi wurin Atika. Atika tela ce, gidanta na bayan namu, ita ke ɗinka wa yaran makarantar yunifom. Mijinta ya tafi haƙar zinari wajen Anka, sai a daɗe ba a gan shi ba, da keken ɗinkin nan take riƙe da gida. Ɗanta Sanusi ajinsu ɗaya da Hafsi, benci ɗaya suke zama, su raba ƙosai su yi faɗa su shirya. Na ce wa Atika ina son hijabi dogo har ƙasa, mai matse fuska, yau-yau. Ta ce, "Malama, kawo ta in gwada mana." Na ce tana barci, ki ɗinka da ido. Ta dube ni, ta ɗauki almakashi. Washegari na shafe Hafsi da hoda, na sa mata safa, na zura mata hijabin, na ja mata kunne cewa ko zafi zai kashe ta kada ta cire. Inna tana bakin murhu tana cewa, "Ke, ki ji tsoron Allah, ɗiyan mutane na can," na ce Inna ki bar ni da aikina, na fi ki sanin ciwo. Haka na kai ta duk satin nan.

Ranar walima Hafsi ta warke sarai, fata ta yi sumul. Ta karanta hadisinta ba gargada, aka yi ta kabbara, ni ina washe baki kamar gonar auduga. A ranar ne Atika ta zo da Sanusi jikinsa zafi rau, ido ja yana kwantsa, yana tari. Ita ba ta san mene ne ba, yaro ya yi ta kuka sai ya zo walima, ta kawo shi. Kowa ya gan shi. Kwana biyu tsakani jaririn Anti Rabi ya kwanta, yaron da ko isa allurar bai yi ba. Wasu yaran ma sun kwanta sun tashi. Sanusi ya sha wuya, har an fitar da rai da shi, ya tashi da hakiya a idon hagu. Jaririn Anti Rabi bai tashi ba.

Wurin zaman makoki mata sun cika tsakar gidan Hajiya, ana ta ƙus-ƙus, wa ya kawo, wa ya kawo. Wata ta ce ai Atika ta je biki ƙauyensu wajen Bukkuyum, can ta kwaso. Sai duk aka juyo ana kallona, tunda ni ce mai aikin asibiti. Ni kaɗai a wurin na san ƙyanda ba ta kama yaro yau ta kwantar da shi jibi, sai ta kwana fiye da mako a jiki tukuna. Ni kaɗai na san Sanusi da jaririn a rijiya ɗaya suka sha, kuma na san rijiyar. Da na yi shiru ma da sauƙi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ai wanda ya fara kwanciya shi ya kawo. Wasu iyayen ba su da imani, su ga yaro ba lafiya su turo shi cikin 'ya'yan mutane." Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa! Hajiya ta share hawaye ta rantse cewa gidan da ya kawo mata wannan ciwo, ɗansu ba zai sake taka makarantarta ba.

Daga nan mata suka janye ɗinkinsu daga wurin Atika. In ta shiga gidan suna sai a ja yara gefe. Ni kuma, maimakon tausayi, wallahi haushinta na riƙa ji. Me ya sa ba za ta yi faɗa ba? Me ya sa ba za ta fito ta yi rantsuwa ta zagi mutane ba, in samu abin da zan riƙe? Sai dai ta gaishe ka ta wuce, sumui-sumui. Ƙarar kekenta da nake ji ta katanga ma ta zame mini masifa, ran da na ji shiru kuma abin ya fi damuna.

Yanzu an koma makaranta. Sanusi ya warke, ya fara mayar da jiki, kullum da safe sai ya sa yunifom ya tsaya a ƙofar gidansu yana kallon yara suna wucewa. Hafsi kuma ta hana kowa zama a gefenta, wai wurin Sanusi ne. Jiya Anti Rabi ke ba ni labari tana murmushin ƙarfin hali, matar da na kashe wa ɗa. Mijin Atika ya aiko dattawa suka ba Hajiya haƙuri. Hajiya ta kira ni ta ce, "Malama, na yi rantsuwa cikin zahin rai, in ta kama in yi kaffara sai in yi. Amma iyaye sun ce idon yaron bai washe ba, ciwon na nan. Ke kinka ƙware ga wanga aiki. Ki duba shi, ranar Asabar ki zo gaban iyaye ki hwaɗa muna gaskiya, in shi koma ko kada shi koma. Kuma ki hwaɗa mini tsakaninki da Allah, uwatai ta san shina da ciwon tak kawo shi? In ta sani, ban iya kallonta kullum bakin ƙohwata."

Shekaranjiya da la'asar sai ga Atika da yaron a gidana. Na duba shi don dole. Ƙirji lafiya, fata lafiya, babu zazzaɓi. Hakiyar nan tabo ce, ba ta kama kowa, yaron da ya yi ƙyanda ya warke ma ya fi kowa aminci a ajin. Na ce mata zan yi tunani. Na faɗa da ɗaure fuska, irin wadda muke yi wa matan ƙauye a wurin aiki. Ta tura Sanusi waje wurin Hafsi, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Malama, ran da kinka zo ɗinkin hijabi na ji Hafsi tana tari ta katanga, ba barci take ba. Kuma da nika kai Sanusi na ga wuyanta, hijabin ya zame. Ban gane ba sai da nawa yak kwanta." Na miƙe tsaye na ce, to sai me? Sharri za ki yi mini a cikin gidana? Je ki faɗa mana, a ga wanda za a yarda da shi tsakanin ni da ke! Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ban hwaɗa ma kowa ba, ba ni kuma hwaɗi. In an kori Hafsi mi ni ƙaru da shi? Ɗiya ta, ba ta san komi ba. Ni dai ki ce musu ɗana ya warke. Sauran na bar ki da Allah."

Kun ji fa! Ta bar ni da Allah. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Wace ce ita da za ta yi mini alfarma? Tun ranar ina jin haushinta, ina jin haushin Hajiya da ta ɗora mini wannan kaya, ina jin haushin Inna da ta daina yi mini magana sai kallo. Mijina bai san komai ba, yana Gusau wurin aiki, in ya ji ban san inda aurena zai kwana ba.

Kada wani ya ce mini ai da sauƙi, ki ce yaro ya warke shi ke nan. Na yi wannan lissafin kafin ku. In na ce ya warke na tsaya nan, Hajiya za ta maimaita tambayarta ta biyu a gaban kowa. In na ce Atika ta sani, na sake yanka ta, yaron ya zauna gida ke nan, don babu wata nazare kusa da za ta iya kai shi. In na ce ba ta sani ba, ba kuma shi ya kawo ba, sai a ce to wa ya kawo, kuma me ya sa kika faɗi abin da kika faɗa ranar makoki? In kuwa na fasa ƙwai, rantsuwar Hajiya a kan Hafsi za ta faɗa. Aikina ya tafi, don wa zai bar mai ɓoye ƙyanda ta riƙe allura? Matan da na sha wuya kafin su yarda da rigakafi duk za su koma gidan jiya. Kuma in dubi idon Anti Rabi in ce mata me?

Na san abin da yawancinku za ku rubuto, masu bakin faɗin gaskiya daga nesa. Ku da ba a gabanku za a tsaya ba. Ina son wanda zai ba ni amsa ya fara sa ɗiyarsa a wurin Hafsi tukuna, sannan ya yi magana.

Yau da safe ina ɗaura wa Hafsi takalmi ta ce, "Umma, in Sanusi ciwo gare shi, ki ba shi dogon hijabina mana ya sa, sai ya zo makaranta kamar yadda na yi." Inna tana jin ta. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki. Na daka wa yarinyar tsawa har ta yi kuka, na ja ta muka fita, ga Sanusi a ƙofar gidansu cikin yunifom, ya rufe idon hagu da hannu saboda rana, yana ɗaga mata ɗaya hannun.

Asabar ta kusa, kuma yarinyar nan bakinta ba ya shiru. Me zan yi?