Ranar da Ummi Ta Ce a Kai Ta Zongo

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan Zongon Kwatano muna lafiya, sai ruwan sama da ya sake cika mana lungu kamar yadda kika bar shi. Shekara uku da rasuwarki ban taɓa zama na rubuta miki ba. Yau na zauna, domin abin da ya same ni makon jiya ba wanda zai gane shi sarai sai ke.

Takwararki Ummi ta shiga shekara goma sha uku. Lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ta shirya kai 'yan ajinsu Lome su ga gidan tarihi da manyan wuraren garin, a tafi da sassafe a dawo da yamma. Aka nemi iyaye mata biyu su yi rakiya. Ni da Godome ma, da ke nan bakin garinmu, sai da dalili nake zuwa, na rufe rumfar atamfata ta kasuwar Misebo na ce da ni za a je. Na gaya wa maƙwabta kasuwar Lome nake son gani. Ƙarya nake, Inna, tsoro ne ya shigar da ni motar.

Kin san yadda kika hore ni a kan 'yar fari. Ba a kiran sunanta, ba a jan ta a jiki a gaban jama'a, ba a bin ta da ido. Ga kuma sunanki a kanta, kunyar ta zama biyu. Don haka ita tana can bayan mota da ƙawayenta, ni ina gaba ina hidimar 'ya'yan mutane. Wannan na ba shi ruwa, waccan na goge mata amai. Ɗaya uwar da muka tafi tare, Maman Sadiya, har yaba mini ta yi, wai ba a gane wace ce tawa.

Kafin mu ƙetare iyaka, malaminsu da suke kira Mushe ya miƙe ya ja musu kunne. Ya ce duk wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, kada ya motsa, za a dawo a same shi.

Gidan tarihin ɗakuna ne masu sanyi, cike da ganguna da tukwane da tsofaffin ƙarafa a cikin gilashi. Yara suna ta rubutu a littafi, wasu suna dariyar an kulle tulu kamar zinariya. Can na hango Ummi ta tsaya ita kaɗai gaban wani kwando mai murfi, sak irin wanda kike zuba goro a ciki. Na so in je in tsaya kusa da ita, in ce mata ni ma na gane shi. Sai na ga Maman Sadiya tana kallona, na kawar da kai na bi sauran yara.

Ta ƙofar baya aka fitar da mu. Muka tsallaka wani babban titi zuwa filin tunawa da samun 'yancin ƙasarsu, aka yi ta ɗaukar hoto. Da aka gama Mushe ya ƙirga yara, ya sake ƙirgawa, fuskarsa ta sauya. Ni ma na ƙirga, Inna, fuskokin 'ya'yan mutane nake bi ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda babu. Sai da Sadiya ta ce ba ta ga Ummi ba.

Ban san yadda na tsallaka titin nan ba. Na koma ɗakin kwandon, ba kowa. Mai gadi ya ce 'yan mata masu kaki da farin hijabi ya ga sun fi ashirin, wace zai tuna? Na fito waje ina kiran Ummi, Ummi. Da na ga ba amsa, sai na ji bakina ya kira sunanta na yanka, wato sunanki, da ƙarfi a tsakiyar titin Lome. Tun da aka haife ni ban taɓa furta shi ba sai ranar.

A ƙarshen titin ana hango teku. Na kalle shi sau ɗaya, na juya masa baya. Duk labaran satar yara da ake yi a rumfunan Misebo, waɗanda nake saurare ina yanka yadi ina cewa Allah Ya kiyaye, suka dawo mini da fuskar 'yata a ciki. Mushe yana ta maimaita cewa ya gaya musu su tsaya, ya gaya musu su tsaya.

A nan ne na ji muryarki. "Duk garin da kika ɓata, kada ki tsaya kina kuka a titi. Ki ce a kai ki Zongo, can akwai mai jin bakinki." Haka kike gaya mini ina yarinya, haka kike gaya wa Ummi tana zaune tsakanin ƙafafunki kina mata kitso. Mushe sau ɗaya ya faɗi tasa, ke kuwa taki da ita aka yaye ta.

Na gaya wa Mushe. Ya dube ni kamar na zare, ya ce ba yaron da zai yi haka a garin da bai sani ba. Shi ya nufi wurin 'yan sanda, Maman Sadiya ta zauna da yara, ni na tare mai babur, irin zem ɗinmu, na ce masa Zongo.

Inna, abin da ba ki gaya mana ba shi ne Zongon Lome ba kamar namu yake ba. Namu a cikin gari yake, ka taka ka isa. Nasu yana can bayan gari a kan hanyar arewa, inda manyan motocin kaya ke wucewa suna girgiza ƙasa. Muna ta tafiya, gidaje suna raguwa, ina leƙa kowane gefen titi ina neman farin hijabi a ƙasa. Na yi ta tunanin yarinyar nan a bayan wani namiji da ba ta sani ba, a kan wannan doguwar hanya, ba ta da ko salula. Duk addu'ar da kika koya mini na karanta, wasu na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

Gab da la'asar muka isa. Na ji ana ciniki da Hausa, na sauka daga babur. A ƙofar masallaci wani dattijo yana alwala, ban gama sallama ba ya tambaye ni ko ni ce uwar 'yar Kwatano. Ashe tun bayan azahar ladan ya yi cigiya a lasifika. Sun kira lambata sun gaji, layina kuwa tun a iyaka ya mutu ban sani ba.

A gidan wata mai fura na same ta, zaune a tabarma, idanu sun kumbura, ga ƙwaryar fura a gabanta ba ta taɓa ba. Ummi ta ce da ta fito ta ƙofar da muka shiga ba ta ga mota ba, ba ta ga kowa ba, sai ta yi abin da Inna ta ce, ta tare mai babur ta ce a kai ta Zongo. Matar ta tambaye ta 'yar wace ce, ta faɗi sunanki, ta ce mai goro. Na so a ce matar ta san ki, Inna. Ba ta taɓa jin labarinki ba, ta ce ba sai ta san ki ba.

Na rungume ta a gaban matan gidan da yaran unguwa da dattijon da ya rako ni, ina kuka kamar ba babba ba. A hanyar dawowa kusa da ni na zaunar da ita, hannunta cikin nawa tun daga Lome har unguwar Santirita a nan Kwatano. Maman Sadiya ta kalli hannuwan, ta kalle ni, ban saki ba.

Har yanzu ban dawo daidai ba. In ina yanka atamfa na tuna mai babur ɗin da ya ɗauke ta, wanda ban san fuskarsa ba, sai almakashi ya kauce. Da ba mai tsoron Allah ba ne fa? Jiya kuma ta zo tana murna wai baɗi Ankara, can gaba da Lome, za a kai su, garin da aka ce Zongonsa ba ɗaya ba ne. 

Abu biyu kika bar mini a kan yarinyar nan. Maganar Zongo zan ci gaba da gaya mata, tare da ta Mushe. Amma kawar da ido daga 'yar fari, ki yafe mini, Inna, na baro shi a gaban kwandon nan. Saura kaɗan in dawo gida da 'ya'yan kowa ban da tawa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya saka wa mai fura da ladan da mai babur da alheri, Ya tsare mana Ummi a duk garin da ƙafarta za ta taka. Amin.

Taki har kullum,
Ladidi